Darasi: Farish ɗin Selborne a Karkarar Ingila

Mafi ƙanƙantar matakin mulki a karkarar Ingila shi ne abin da ake kira farish, wato yanki mai iyaka sananniya wanda ya ƙunshi ƙauye ɗaya ko 'yan ƙauyuka tare da gonakinsu da dazuzzukansu da makiyayarsu. Asalinsa yankin coci ne, ma'ana ƙasar da limamin coci ɗaya yake kula da mutanenta yake kuma karɓar rabonsa daga amfanin gonarta, amma da tafiya ta yi tafiya sai hukuma ta riƙa ɗora masa ayyukan mulki, har ya zama a yau akwai farish na coci da farish na mulki, kowanne da shugabanninsa, ko da yake sau da yawa suna ɗauke da suna ɗaya. Majalisun farish da na ƙananan garuruwa a Ingila sun kai kimanin 10,000, kuma da yake ba za a iya fahimtar su a dunƙule ba, wannan darasi ya ɗauki guda ɗaya, wato Selborne da ke lardin Hampshire, kimanin kilomita 80 kudu maso yamma da Landan. Dalilin zaɓensa shi ne da wuya a sami wani yankin karkara da aka rubuta labarin ƙasarsa dalla-dalla kamarsa, saboda aikin wani malamin coci ɗan garin mai suna Gilbert White, wanda aka haifa a 1720 ya rasu a 1793, kuma littafinsa a kan tarihin halittun Selborne, wanda ya fito a 1789, har yanzu ana buga shi ana karantawa.

Shimfiɗar ƙasa

Duk wanda yake son ya gane dalilin da ya sa ƙauyukan Selborne suka zauna inda suke, dole ya fara da abin da ke ƙarƙashin ƙafa, domin farish ɗin ya ratsa ƙasa iri huɗu da suke jere daga yamma zuwa gabas. A yamma akwai tudun alli, farin dutse mai laushi wanda ruwan sama yake shigewa cikinsa da sauri, kuma gefen tudun da ya fuskanci ƙauyen ya miƙe tsaye har kimanin mita 90 sama da gidaje. Garma ba ta iya hawa irin wannan gangare, saboda haka aka bar shi ga itatuwa, musamman wata doguwar bishiya mai santsin bawo da Turawa ke kira beech, wadda take son ƙasar alli. Irin wannan kurmi da yake maƙale a jikin gangare shi mutanen yankin suke kira Hanger, kuma shi ne abin da baƙo yake fara gani tun kafin ya iso garin. A saman tudun akwai makiyayar gama-gari, wato filin da yake da mai shi a shari'a amma wasu mazauna ƙauye suke da haƙƙin kiwo da yin itace a cikinsa tun kaka da kakanni.

A gindin tudun ƙasa ta sauya zuwa wani farin dutse mai ɗan tauri, wanda idan ya ruɓe yakan ba da ƙasar noma mai kyau, kuma a kan wannan shimfiɗa ce aka kafa ƙauyen Selborne, da dutsenta aka gina cocinsa da tsofaffin gidajensa. Gaba kaɗan sai laka mai danƙo, wadda take riƙe ruwa, take wahalar da manomi da matafiyi a lokacin sanyi, amma take raya manyan itatuwan oak masu ƙarfin katako. Daga nan sai rairayi, ƙasa maras ƙarfi wadda ba ta fitar da komai sai gajerun tsirrai masu jure yunwa, kuma a nan ne dajin Woolmer yake, tsohon wurin farautar sarakunan Ingila, wanda a zamanin White ana ce masa daji ne kawai a shari'a, domin fili ne fetal babu itatuwa.

Wannan jeri shi ne yake bayyana inda ruwa yake fitowa. Ruwan sama yana nutsewa cikin alli da dutsen da ke ƙasansa har ya ci karo da shimfiɗar da ba ta barin sa ya wuce, daga nan sai ya ɓulɓulo a gindin tudu, shi ya sa ƙauyuka da yawa a wannan sashe na Hampshire suka jeru a bin gindin tuddai. White ya auna marmaron da ke ƙarshen ƙauyensa a watan Satumba na 1781, bayan an sha dogon fari, ya tarar yana ba da galan tara a minti ɗaya, ya kuma rubuta cewa zurfin rijiyoyin garin yakan kai kimanin ƙafa 63. Rafukan da suke tasowa daga nan suna gangarawa su shiga kogin Wey, shi kuma ya zuba a kogin Thames wanda ya ratsa Landan. Hatta hanyoyin garin dutsen ne ya tsara kamanninsu, domin kofaton dabbobi da ƙafar amalanke da ruwan sama sun yi ɗaruruwan shekaru suna cin dutsen mai laushi, har wasu hanyoyi suka nutse ƙafa 16 zuwa 18 ƙasa da gonakin da ke gefensu.

Girman farish ɗin ma yana da nasaba da wannan. A zamanin White ya yi iyaka da farish goma sha biyu, kuma masu zagayen iyaka, wato dattawa da yaran da suke bin gefen yankin lokaci-lokaci don kada a manta da alamominsa a zamanin da taswira ba ta yawaita ba, sukan ɗauki wani sashe na kwana uku kafin su gama, a tafiyar da aka ƙiyasta ba ta gaza mil 30 ba. Jama'ar da take ci daga abin da ta noma tana bukatar rabo daga kowace irin ƙasa, tudu don tumaki, shimfiɗa don alkama da sha'ir, laka don katako da ciyawa, rairayi kuma don makamashi da kiwon rani, kuma wannan bukata ce ta sa yawancin farish na gindin tuddai suka zama dogaye suna ratsa ƙasa daban-daban.

Ƙauyuka uku

Farish na mulki a yau ya ƙunshi ƙauyuka uku, Selborne da Oakhanger da Blackmoor, kuma mutanensu gaba ɗaya kimanin 1,300 ne bisa ƙidayar 2011, alhali a ƙidayar da aka yi a zamanin White sun ɗan haura 670. Selborne ita ce uwa, an ambace ta a babban littafin ƙidayar filaye na 1086, kuma har yanzu siffarta ba ta wuce titi ɗaya mai tsawo ba, da gidaje a ɓangarori biyu, da ɗan dandali a gaban coci da ake kira Plestor, inda a da ake cin kasuwa yara kuma suke wasa. Cocin na Santa Mariya an gina yawancinsa wajen 1180, kuma a harabarsa akwai wata tsohuwar bishiya da aka ƙiyasta ta kai shekara 1,400, wadda guguwar watan Janairu na 1990 ta tumɓuke. Gidan White, wanda ake kira The Wakes, ya zama gidan tarihi, kuma daga bayansa ana ganin hanyar ƙafa mai lanƙwasa da shi da ɗan'uwansa John suka sassaƙa a jikin gangaren a 1753, wadda masu ziyara suke hawa har yau.

Oakhanger ƙaramin ƙauye ne a inda laka take haɗuwa da rairayi, kuma abin da ya fi fito da shi a wannan zamani shi ne tashar sadarwa da tauraron ɗan'adam ta soja, mai fararen ƙubbobi da ake hangowa daga saman tudun Selborne. Blackmoor kuwa ƙauye ne da attajiri ɗaya ya sake ginawa. A shekarun 1860 wani babban lauya, Roundell Palmer, wanda daga baya ya zama shugaban ma'aikatar shari'a ta ƙasa aka kuma ba shi sarautar Selborne, ya sayi ƙasar wurin, ya ɗauko mai zanen gine-gine Alfred Waterhouse ya zana masa gida da coci da makaranta da gidajen ma'aikata. A 1873 aka tono tukwane ɗauke da tsabar kuɗin Rumawa kusan 30,000 a ƙasar, abin da ya nuna cewa mutane sun daɗe a wurin, kuma a yau an san Blackmoor da manyan lambunan tuffa.

Daga coci zuwa majalisa

Tarihin mulkin Selborne, idan aka bi shi da kyau, tarihin masu iko da ƙasa ne. A 1233 Peter des Roches, bishop na Winchester, ya kafa gidan sufaye a gabashin ƙauyen ya ba shi filaye, kuma bayan gidan ya lalace, a shekarun 1480 aka rufe shi aka miƙa dukiyarsa ga kwalejin Magdalen ta jami'ar Oxford. Daga nan kwalejin ta zama mai mallakar ƙasar, ita take kuma naɗa limamin cocin daga cikin mutanenta, wanda shi ya sa White, da yake ɗan kwalejin Oriel ne, bai taɓa zama babban limamin garinsu ba, mataimaki ya yi ta yi, duk da cewa kakansa ya riƙe muƙamin.

Tun daga ƙarni na 16 gwamnati ta ga cewa farish ne kaɗai tsarin da ya kai kowane lungu, sai ta shiga ɗora masa kaya. A 1538 aka umarci kowane coci ya riƙa rubuta baftisma da aure da jana'iza, a 1555 aka ɗora wa farish gyaran hanyoyi ta hanyar aikin dole na 'yan kwanaki a shekara, sannan dokar matalauta ta 1601 ta wajabta masa ya karɓi haraji daga masu gida da gona ya ciyar da gajiyayyunsa. Taron da yake gudanar da wannan duka ana kiran sa vestry, da sunan ɗakin da limami yake sa tufafin ibada, domin a nan ake zama, kuma shi yake fitar da masu kula da dukiyar coci da masu kula da matalauta da mai duba hanyoyi, dukansu mazauna ƙauye ne da suke yin aikin ba albashi. Tsari ne mai kusanci da jama'a, amma ba na kowa ba ne, domin murya tana hannun masu biyan haraji, ɗan ƙwadagon gona kuwa ana zartar da hukunci a kansa ne ba tare da an ji ta bakinsa ba.

Inda wannan ya kai ya bayyana a 1830, shekarar da 'yan ƙwadagon kudancin Ingila suka tayar da tarzoma saboda ƙarancin lada da injunan sussuka da suke raba su da aikin lokacin sanyi. Akwai kuma ushirin coci, wato kashi ɗaya cikin goma na amfanin gona da doka ta tilasta a ba limami, wanda manoma suke kafa hujja da shi cewa ba za su iya ƙara lada ba. Ranar 22 ga Nuwamba taron jama'a a Selborne ya fasa gidan aikin matalauta, wato gidan da farish yake tara marasa galihu yana sa su aiki a bakin abinci, ya kuma tilasta wa limamin garin ya amince da rage ushirinsa, washegari aka yi irin haka a Headley da ke maƙwabtaka. Kotun da ta zauna a Winchester ta yi hukunci mai tsanani, aka yi wa wasu daga cikin mutanen ɗaurin gudun hijira zuwa Ostareliya. Ya kamata a riƙa tuna wannan a duk lokacin da ake yabon kyan Selborne, domin shekara 37 kacal ke tsakanin rasuwar White da ranar da yunwa ta fito da maƙwabtansa kan titi.

Bayan haka iko ya riƙa zamewa daga hannun farish. Dokar 1834 ta haɗa farish da yawa a ƙarƙashin hukumar matalauta guda, dokar 1836 ta mayar da ushiri kuɗi, a 1889 majalisun larduna suka fara aiki, sannan dokar ƙananan hukumomi ta 1894 ta raba mulki da coci, ta kafa majalisar farish wadda jama'a suke zaɓa, ta kuma ba matan da suka cika sharaɗi damar zaɓe da tsayawa takara shekaru da dama kafin su sami wannan dama a majalisar ƙasa.

Majalisar farish a yau

Majalisar farish ba ta gaza mutum biyar, ana zaɓen su duk shekara huɗu, kuma yawancinsu ba sa karɓar albashi. Wanda ya kai shekara 18 yana iya tsayawa idan sunansa yana cikin rajistar masu zaɓe ta yankin, ko kuma ya shekara yana zaune a cikinsa ko a tazarar mil uku daga gare shi, ko yana aiki ko riƙe da ƙasa a ciki. Babu dagaci ko mai unguwa a wannan tsari, shugaban majalisa 'yan majalisar ne suke zaɓen sa daga cikinsu kowace shekara. Ma'aikacin da komai ya rataya a wuyansa shi ne magatakarda, wanda yake shirya jerin batutuwa, ya rubuta abin da aka zartar, ya kuma riƙe lissafin kuɗi, sau da yawa a aikin 'yan sa'o'i a mako. Doka ta wajabta a kafa sanarwar zama aƙalla kwana uku cikakku kafin ranar, a bar ƙofa a buɗe ga duk mai son sauraro, sannan sau ɗaya a shekara, tsakanin 1 ga Maris da 1 ga Yuni, a kira taron dukan masu zaɓe inda kowa yake da bakin magana.

Kuɗinta yana fitowa ne daga harajin gidaje. Majalisar takan ƙiyasta abin da za ta kashe a shekara ta sanar da majalisar gunduma, ita kuma ta ƙara shi a takardar harajin kowane gida da ke farish ɗin, ta karɓa ta miƙa mata, saboda haka mai gida yana gani a rubuce nawa ƙauyensa ya ci daga aljihunsa. Abubuwan da doka ta ba irin wannan majalisa damar yi ƙanana ne, kamar kula da filin wasa da dandali da zauren taro da maƙabarta da rumfar jiran mota, da samar da 'yan filayen lambu na haya idan mazauna suka nema. Manyan ayyuka suna sama da ita. Majalisar gundumar Gabashin Hampshire, wadda ta fara aiki a 1974, ita take kwashe shara, take kula da sha'anin gidaje da gudanar da zaɓe, majalisar lardi da ke Winchester kuma ita ke da hanyoyi da makarantu da kula da tsofaffi. A ƙarshen 2024 gwamnatin Birtaniya ta bayyana shirin haɗe waɗannan matakai biyu su zama ɗaya a lardunan da suke da su, kuma idan hukuma ta ƙara girma ta ƙara nisa, nauyin magana da yawun ƙauye zai ƙara komawa kan majalisar farish.

Batun da ya fi tayar da jijiyar wuya shi ne izinin gini, kuma a nan majalisar farish shawara kawai take bayarwa. Bayan da aka kafa gandun ƙasa na South Downs a 2010, mai faɗin kimanin murabba'in kilomita 1,600 daga Winchester zuwa Eastbourne, hukumar gandun ce take da ikon tsara gine-gine a ƙauyen Selborne da yawancin kewayensa. Gandun ƙasa a Ingila ba daji ne da aka kori mutane daga cikinsa ba, sama da mutum 100,000 suna zaune a wannan, kuma yawancin ƙasar tana hannun manoma da masu ita. Tudun da kurminsa kuwa tun shekarun 1930 suka koma hannun National Trust, ƙungiyar sa-kai da aka kafa a 1895, wadda doka ta ba ikon ayyana ƙasa a matsayin wadda ba za a sayar ba. Wannan kariya ta yi aiki, domin gangaren da White ya sani yana nan da itatuwansa, amma tana da tsada wadda ba kowa ne yake biya daidai ba. Inda aka taƙaita gini kuma wuri ya yi kyau, farashin gida yakan fi ƙarfin mai aikin gona da matashin da aka haifa a garin, su koma birane, masu aiki a nesa da masu ritaya su maye gurbinsu. Haka kuma titin ƙauyen, wanda aka yi don amalanke, yanzu hanyar wucewa ce ga motoci masu zuwa garin Alton da ke kusa, kuma ikon gyara lamarinsa yana Winchester.

Abin da ke raye a ƙasar

Filin rairayi na Woolmer, wanda a da aka raina, a yau yana cikin wurare mafi daraja ga masana halittu, domin ana samun nau'o'i goma sha biyu na macizai da ƙadangaru da kwaɗi da danginsu waɗanda suke 'yan asalin Birtaniya a cikinsa. Wani sashe nasa filin atisayen soja ne, abin da ya hana a nome shi ko a gine shi. Irin wannan fili ba ya tsayawa da kansa, kiwo da yankan makamashi na talakawa ne suka hana itatuwa rufe shi tsawon ƙarnuka, kuma da waɗannan sana'o'i suka mutu sai ya zama dole a riƙa sare itatuwa da gangan ana kuma mayar da shanu.

Hanyar aikin White ita ce zama wuri ɗaya da lura da rubutawa kowace rana. Da sauraron kuka ya rarrabe ƙananan tsuntsaye uku masu kama da juna da ake ɗauka iri ɗaya ne, yana cikin waɗanda suka fara bayyana ɗan ƙaramin ɓeran da yake saƙa sheƙa a jikin karan hatsi da wani babban jemage, kuma ya gane amfanin tana ga ƙarfin ƙasa kimanin shekara ɗari kafin Charles Darwin ya rubuta littafi a kanta. Tambayar da ta dame shi har ƙarshen ransa ita ce inda tsattsewa take tafiya idan sanyi ya shigo, ko ƙaura take yi ko ɓuya take yi ta yi barci. An sami tabbaci ne a 1912, lokacin da aka kama wata tsattsewa a Natal ta Afirka ta Kudu ɗauke da zoben da aka sa mata a Ingila. Tsuntsayen karkarar Ingila da yawa suna ƙetare Sahara duk shekara, wasunsu suna yada zango a sahel da fadamu irin na Haɗeja da Nguru da bakin tafkin Chadi, kuma a 1969, bayan ƙarancin ruwan sama a sahel, wani ƙaramin tsuntsu mai farin maƙogwaro da aka saba ji a shingayen gonakin Ingila ya ragu da kusan kashi uku cikin huɗu a shekara guda.

Ana son kowane ɗalibi, kafin darasi na gaba, ya zana taswirar ƙauyensu ko unguwarsu, ya nuna inda ƙasa take jigawa da inda take fadama da inda ake samun ruwa, sannan ya rubuta a gefen kowane wuri hukuma ko mutumin da yake da ikon cewa a yi gini, a yi noma ko a yi kiwo a cikinsa, da kuma inda mazauni zai kai ƙorafinsa idan bai yarda da hukuncin ba.